Baburin Tela da Gwiwar Mamanki

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya haƙuri da marasa lafiya? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mamanki da har yanzu take taɓa ta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda ga waya a hannu. Idan na kira ki ba za ki bari in dire maganar ba, shi ya sa na zaɓi biro, don shi ba ya katse mutum. Uwata, na sayi babur! Zauna tukuna, karanta har ƙarshe.

Kin san sau biyu a mako ake yi wa Mamanki gashin gwiwa. Abin da ba ki sani ba, don ta hana ni faɗa miki, shi ne wahalar zuwa ta fi gashin ciwo. Sai ta tsaya a bakin titi rana na dukanta, mota ta zo a cike, a cusa ta a baya ƙafa a lanƙwashe. Kafin ta dawo, abin da aka gyara ya warware. Har ta fara cewa ita ta haƙura da zuwa. Ni kuwa ina shago ina taka keke raina yana can bakin titi.

Maƙwabcinmu Mai-Wasiƙa, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana raba wasiƙu a kan babur kafin ya yi ritaya, shi ya raka ni wurin masu sayarwa. Muna shiga idona ya faɗa kan wani ja, ƙato, tankinsa har ɗaukar ido yake. Wallahi ji na yi na koma ɗan ashirin. Mai shagon ya ga na kamu, ya shiga zuba, wai wannan ne daidai da girmana. Mai-Wasiƙa ya ce dai in hau in sauke ƙafafuna biyu ƙasa. Na hau. Yatsuna kaɗai ke shafar siminti, ina lilo kamar wando a kan igiya.

Nan telan da ke jikina ya farka. Na zaro tef daga wuya, na auna tsawon ƙafata, na bi baburan ɗaya bayan ɗaya ina auna tsayin kujerarsu. Mai shagon ya riƙe baki, wai tunda yake bai taɓa ganin an yi wa babur awon wando ba. Na ce masa ni ban taɓa ɗinka wa mutum rigar da ta fi ƙarfinsa ba, ba zan fara a kaina ba. Wani shuɗi ƙarami ne ya zo daidai. Kujerarsa shimfiɗaɗɗiya ce, matakin baya kuma yana ƙasa, yadda Mamanki ba sai ta naɗe gwiwa sosai ba. Na waiwayi jan nan sau uku kafin mu fita, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu yana zaure na lulluɓe shi da tsohon labule. Kafin azahar na leƙa shi ya fi sau goma. Mamanki ta zagaye shi sau ɗaya, ta ce yana da kyau, amma ƙafarta ba za ta hau ba sai ke kin amince, tunda ke kike ganin waɗanda ake kwasowa daga titi. To ga ni a hannunki, Uwata. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Tela, kuma mai babur

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin huce, ina kuma fatan kina cin abinci a kan lokaci. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun a tsaye don kujerar ta yi zafi. Ban ji haushi ba. Abin da kika rubuta game da mutumin da aka kawo muku ba hula a kansa ya tsaya mini a rai har yau.

Sharuɗɗanki uku na karɓa: hular kwano, koyo a hannun wanda ya iya, da lasisi kafin in ɗauki ko kaza. Hular na saya. Mamanki ta ce na yi kama da tukunyar da aka kife, amma na ga tana gwada igiyar haɓar ko ta ɗaure da kyau.

Kullum da sassafe ni da Mai-Wasiƙa muna filin bayan makaranta. Mutumin nan da kike gani shiru-shiru, idan ya zama malami ba ya da sauƙi. Kwana biyu cur bai bari na kunna ba, sai tura babur da kama birki, wai wanda bai iya tsayawa ba ba shi da hurumin tafiya. Rana ta uku ya ce in tayar. Uwata, da na saki kuloci a hankali na ji ƙasa tana tafiya a ƙarƙashina ba tare da na taka komai ba, ihu na yi, ni da furfurata!

Sai dai ga inda gizo ke saƙar a wurina. Giyar babur ɗin nan da ƙafar hagu ake taka ta, gaba da yatsu, baya da dunduniya, sak matakin keken ɗinki. Da injin ya fara ƙara, sai ƙafata ta ɗauka aiki ya zo, ta shiga kaɗawa gaba da baya ba da izinina ba. Babur ya yi ta zabura yana tari har ya mutu. Mai-Wasiƙa ya yi dariya har da zama a ƙasa, wai na ɗinke masa giya huɗu a layi ɗaya.

Na biyun ya fi muni. Shekara talatin idona yana kan bakin allura, to a kan babur ma tayar gaba nake kallo. Bishiya ɗaya tak ce a filin nan. Na ɗago na gan ta, na ƙura mata ido don kada in buge ta, kai tsaye kuwa na je na rungume ta. Ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu, madubin dama ya juya yana kallon sama. Malamina ya ce babur inda ido ya kalla yake zuwa, in kalli hanyar da nake so, in rabu da abin da nake tsoro.

Mamanki ta wanke mini ƙujewar da ruwan ɗumi, tana yi tana tambayar ko bishiyar ta samu lafiya. Gobe ma zan koma.

Mahaifinki mai ƙaunarki

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki? Na gode da kiran da kika yi, ko da yake rabinsa faɗa ne. Wannan karon ba ni da labari mai daɗi. Na je gwajin lasisi, na faɗi.

Sun jera robobi a fili suka ce in ratsa tsakaninsu. A filinmu na yi wannan ba adadi. Amma da na ga jami'in riƙe da takarda yana kallona, kaina ya koma inda ya saba, ƙasa. Na kalli roba ta farko na take ta, na kalli ta biyu na take ta. Mutumin ya ce in dawo bayan mako biyu, cikin ladabi, har da ce mini Baba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar kuma ranar gashi ce. Na dawo gida na tarar Mamanki ba ta dawo ba, sai bayan la'asar ta shigo tana dafa bango, gwiwa ta kumbura suntum. A tsaye ta yi rabin hanya cikin mota. Ba ta tambaye ni gwaji ba, fuskata ta gaya mata. Ta ce kawai ita daga wannan makon ta gama zuwa, in daina wahalar da kaina. Uwata, kunya ta rufe ni. Ga babur a zaure, ga matata tana jan ƙafa, ni kuma a tsakiya ba amfani. Har na yi tunanin mayar wa mai shagon kayansa.

Washegari na ƙi fita fili. Sai ga Mai-Wasiƙa har shago, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki ya yi ta kallona ina aiki. Can ya ce ya gano ciwon, keken nan ne ke warware masa karatu kullum. Ya sa na sauke ƙafar hagu daga mataki na ɗora a kan bulo, da dama kaɗai zan riƙa ɗinki. Kwana uku layina yana karkacewa kamar na sabon koyo, amma ƙafar ta fara jin magana.

Na ido kuwa, can ƙarshen fili yake tsayawa ya ɗaga yatsu, ni kuma ina tahowa ina faɗin ko nawa ne da ƙarfi. In na kalli ƙasa ya canza, in faɗi ba daidai ba, mu sake. Masu wucewa sun ɗauka tsofaffi biyu sun zare.

Ya kuma ce ɗaukar mutum daban yake da tafiya kai kaɗai, birki yana ƙara tsawo, kwana tana ƙara nauyi. Don haka na cika buhu da ƙyallaye da yashi na ɗaure a baya. Na san awon Mamanki tun daga kafaɗa har idon sawu ba sai na duba littafi ba, amma nauyinta ban sani ba. Da na tambaya, harara na samu. Da ta ga buhun kuma ta ce in rage, ita ba ta kai haka ba. Na rage a gabanta, na mayar a zaure.

Na roƙe ta ta ƙara mini mako biyu kada ta fasa gashin. Ta ce ta ji. Ki taya ni da addu'a.

Mahaifinki

Zuwa ga Uwata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da abokan aikinki, ina gaishe da duk wanda ya tsaya kusa da ke, don yau gaisuwata ta yi yawa ba ta da wurin zuwa. Na ci! Robobin nan ko ɗaya ban taɓa ba. Tagar wani ofis na kafa wa ido a can gaba, babur ya bi ta tsakaninsu kamar ya san hanya. Lasisin yana aljihun gabana, har na ɗinka wa aljihun maɓalli.

Saƙonki ya riga ni isowa gida. Mamanki ta buɗe kwalin ta ga hular kwano fara, ba takarda ba komai. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce to, yarinyar nan ta yi magana. Ashe kin aiko tun kafin ki ji sakamako. Wannan ya shige ni ƙwarai, Uwata, sai da na fita zaure na ɗan tsaya.

Jiya ce ranar gashi. Na riga na sa bakanike ya ɗaura raga a gefen tayar baya don kada zani ya shiga, na kuma ɗinka wa kujerar matashi mai laushi. Na duba iska, na gwada birki biyu, na daidaita madubi. Mamanki ta fito da hularta, ta yi bisimilla ta fi a ƙirga, ta hau. Ƙarfen baya ta damƙe da hannu biyu, ta ja jiki nesa da ni, ta ce idan na ga dama in tafi. Mai-Wasiƙa yana ƙofar gidansa hannu a baya, ko murmushi bai yi ba, amma na ga bakinsa yana motsi.

Muka hau titi a hankali. Mun kusa kwanar masu kayan gini sai na hango, tun daga nesa, hancin kura yana leƙowa daga wani lungu, an loda mata buhunan siminti har mai turawar ba ya ganin gabansa. Telan wata biyu da suka wuce da tayarsa yake kallo. Ni kuwa na sassauta totur, na taɓa birkin ƙafa, na haɗa da na hannu sannu-sannu, muka tsaya cak da sauran fili. Kurar ta ratsa ta gabanmu, mai ita bai ma san an yi ba. Ƙafata ta hagu tana nan inda na ajiye ta.

Muna tashi sai na ji an kama gefen rigata. Ta saki ƙarfen. Na dubi madubi, na ga ta ɗaga gilashin hular, iska na dukan fuskarta, tana kallon shaguna kamar baƙuwa tana dariya ita kaɗai. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin gwiwar ta fara. Shekara talatin ina ɗinka mata kaya kaina a sunkuye, ashe abin kallo yana sama.

Minti ashirin muka yi. Mai gashin ta tambaye ta me ya faru yau ba ta zo a kumbure ba, Mamanki ta nuna ni da haɓa ta ce direbanta ne. Na jira ta a benci, hula a cinya, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin babur, ko ya so ko bai so ba.

Da muka fito na juya kan babur zuwa gida, sai ta ja rigata ta ce sauri na me, in bi ta doguwar hanya. Muka bi. Ta kuma ce in rubuta miki cewa jibi ma za ta je gashi, kuma buhun nan na zaure a zubar da shi, wurin ya samu mai shi.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Idan kin samu hutu ki sanar da ni ranar, ni zan zo tasha. Ki taho da hularki.

Ni ne mahaifinki,
Direban Mamanki