Rakiyar Baba

Riruwai,
Yuli, 1957.

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ki share hawayenki, na ga Baba da ransa.

Tun da ya ɓace daga Kiru muke ta neman gawa a dajin Falgore, ashe tsohon nan barikin kuza ya koma, inda aka haife mu. Ba za ki gane wurin ba. Tun da kamfani ya tashi, ɗakunan lebura sun rushe, kasuwar ta zama ciyawa, ramukan haƙa sun cika da ruwa. Otal ɗin Turawa da ya yi wa kuku ne kawai a tsaye, rabin kwanon ya yaye. Can na same shi yana shara. Wata Bafulatana, Rabi, ke kawo masa fura da nono, Allah ya saka mata.

Bai gane ni ba, Yaya. Baƙo ya ɗauke ni, ya karɓi jakata, ya ba ni ɗakin da ba ya yoyo. Na shiga na yi kuka, na daɗi da na baƙin ciki. Na ce ya zo mu tafi gida, ya ce ba ya barin aiki, ga ramukan nan kuwa dab da hanyar da yake bi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Balarabe.

Tudun Wada,
Yuli, 1957.

Yaya Salamatu,

Ina gaishe ki, ina fatan hankalinki ya kwanta. Mun fito.

Lallashi bai yi ba. Sai na tuna yadda muke masa tsiya, cewa Baba ba ya barin baƙo ya tafi sai ya raka shi har bakin mota. Da safe na ce masa zan wuce. Nan take ya saɓa jakata, ya shige gaba. A tasha na roƙe shi ya ɗan ƙara mini rakiya, kin san kunyarsa, ya hau motar.

Ga mu a gidan Kawu Mudi, ya ci tuwo, ya yi barci. Har yanzu a ganinsa rakiya yake mini. Ki gyara masa ɗaki, gobe in Allah ya yarda zai rako ni har ƙofarki.

Naki,
Balarabe.