Mai Zama a Bencin Ƙarshe

Talata, bayan Isha'i

Na kasa cin tuwona. Yau a guruf ɗinmu na malaman firamare, inda muke tura saƙon murya muna gyara wa juna darasi, wata lamba marar suna ta yi min magana.

Muryar dattijo ce, a natse. Ya ce, "Malama Hajara, yanka rogon nan da kika yi don koyar da rabi da kwata ya yi kyau. Amma kin juya wa 'yan layin ƙarshe baya, ba su gani ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ba ni haushi. Sai dai ban tura darasin nan ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na sake saurara, na manna wayar a kunne. A ƙarƙashin muryarsa ga ƙararrawar makarantarmu ta Bukan Sidi, ga ni kaina ina cewa, "Ku rufe littafi." Kamar daga bencin ƙarshe aka ɗauka, karyayyen nan da ba mai zama. Ni kuwa ban ga baƙo a ajina ba.

Na kira Madam Ladi, admin ɗinmu da ke koyarwa a Obi, na ce a cire mutumin nan.

Ta ce, "Malama, ai ke kika sa shi. Duba sama, inda guruf ke nuna wanda ya sa mutum."

Na duba. Sunana ne.

Ɗazu ya rubuto: "Gobe ki fuskanci bayan aji. Ina nan."