Likkafanin da Ya Ƙi Shiga

Tsibirin Sinan, 4 ga Afrilu

'Yata Mi-ran,

Gaisuwa mai yawa. Kina cin abinci kuwa? Ya mijinki, ya birnin Gwangju?

Na ga likitan da kika matsa min. Wai wani ɗan tsiro ne a ƙasan ƙwaƙwalwata yake ta sa jikina girma, shi ya sa takalma suka ƙi ni, haɓata ta yi gaba ta bar ni. Na ce ashe akwai ƙwaƙwalwar, malaminmu na aji uku ya rantse babu. Bai yi dariya ba. Wai tsiron ke sa ƙodata riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau ɗari biyu, zuciya ta kumbura. Ya hana ni gishiri. Ni da na shekara arba'in ina kwasarsa a bakin teku!

Aikin da za su yi ta hanci, ba na so. Likkafanina na akwati. Marigayiya uwarki ta ɗinka shi a rarar wata, shekarar da watanni suka cika sha uku, bisa al'adarmu, don in daɗe. Na daɗe. Ya isa.

Ubanki mai aji uku,
Bong-gil

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Tunda ka shirya, buɗe akwatin ka gwada shi, sannan ka rubuto min.

'Yarka Mi-ran

'Yata,

Na gwada. Safar likkafanin ta tsaya a yatsu, rigarsa ta ƙi haɗuwa. Wani siririn mutum uwarki ta auna. Na so in yi dariya, sai na tsinci kaina zaune da safar a hannu har la'asar. In na je mata a haka, za ta gane ni?

Ki ƙara masa yadi ki aiko.

Ubanki

Baba,

Zan ƙara, da irin ɗinkin Mama, ba ƙulli ko ɗaya. Amma ka san ba a sa wa likkafanin mai rai allura sai a rarar wata. Na duba kalanda, saura shekara biyu. Asibiti sun ba mu ranar sha tara don yin aikin.

Ka huta lafiya.
Mi-ran

'Yata,

Ke da uwarki ba ku da dama. Ki tarye ni a tashar jirgin ruwan Mokpo ranar sha takwas. Kada ki nemi fuskar da kika sani. Ki duba ƙasa, ni ne mai takalmin da aka yanke wa baya.

Ubanki