Faɗin Tafin Hannunki

Zuwa ga Nokwanda, sanyin idona, iskar teku mai shigowa Umlazi da la'asar, fitilar da ba ruwanta da ɗauke wuta!

Ina lafiya. Kifayen ma suna lafiya, ban da ɗaya da ya yi tsalle ya fita daga tanki ranar Laraba.

Kin tuna ranar da muka shiga shagon kifin ado a unguwar Chatsworth, miyar wake ba ta gama bushewa a yatsunmu ba? Kika manna hanci a jikin wani tankin gilashi wanda ciyawa ta shimfiɗe gabansa kamar darduma, kika ce wanda ya shimfiɗa miki irinta shi za ki aura. Ke kika yi dariya. Ni ban yi ba, na tambayi mai shagon girman tankin.

Ya farin watan zuciyata, kin san wahalar zaɓen ciyawar gaba? Akwai mai siririn gashi, kyakkyawa kamar girarki, amma sai da haske mai ƙarfi take rayuwa, mu kuwa kin san halin wutarmu. Akwai mai ƙananan ganye kamar gero, saiwarta ba ta shiga ƙasa, rana ɗaya za ki tashi ki tarar da dardumar duka tana yawo a saman ruwa. Ina ni ina soyayya mai yawo a saman ruwa? Na zaɓi wadda ake kira Monte Carlo. Ba ta sauri, amma duk inda ta rarrafa sai ta kafa saiwa. Da hantsaki na dasa ta, tsinke bayan tsinke, har bayana ya ƙage.

Yanzu ga shi labari ya iso ni cewa Lindani, mai gyaran waya na bakin tasha, ya kai miki tanki kore shar, wai cikin mako guda ciyawar ta fito. Kika ce wa ƙanwata ni sanyin jiki gare ni, har ciyawata ta gado ni. Wannan magana ta yi min ciwo, Nokwanda, har na kasa cin abinci, ko da yake daga baya na ci.

Haba zinariyata! Irin da Lindani ya barbaɗa na cikin 'yar leda ne, kuma ciyawar tudu ce. A jiƙaƙƙiyar ƙasa take tsirowa, a cika tanki da ruwa ta yi kwanaki tana yaudarar ido, sannan ta narke ta bar wari. Ba zagin Lindani nake ba. Ki dai riƙa sansana ɗakin.

Tawa ta rufe gaban tankin kaf, sai wuri ɗaya a tsakiya da na bari fili, daidai faɗin tafin hannunki. Duk reshen da ya miƙo can, datse shi nake. Na ajiye tsinken ƙarshe a kofi, ga hantsaki a gefe. Ranar da kika dasa shi, ranar baffannina za su kama hanyar gidanku, sun ma goge takalmansu.

In ba ki zo ba, gansakuka za ta cinye wurin, ni kuma ba zan kankare ta ba. Ina sonki, Nokwanda, kuma ina tsoro.

Naki har ruwan teku ya daina gishiri,
Mzwakhe

Ki wanke hannu kafin ki zo, kada ki shafa mai. Yana kashe kifi.