Agogon Nairobi a Wayar Mama

Tunga, Minna
9 ga Oktoba

Ɗana Noah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya sanyin Nairobi? Ina fata kana cin abinci kamar mutum, ba shayi da burodi kaɗai ba. Mu nan lafiya, sai dai idon Babanka.

Manhajar waƙoƙin da ka yi wa zumuntar mata ta karɓu, har matan ƙauyen Garatu sun sa ƙanwarka Favour ta zuba musu. Na ga abin da ka ƙara a ƙasan shafin farko. Da lamba ce kawai, 1.4, yanzu ga kwanan wata da lokaci a gefenta. Favour ta ce don ni ka yi, wai ina ta kawo ƙarar kuskuren da ka riga ka gyara, alhali tsohuwar ce a wayata, kuma duk sunansu ɗaya. To, na ji.

Da ta ƙarshe ta iso na ce agogonka ya lalace, don ya nuna ƙarfe huɗu, na bangonmu kuwa biyu. Favour ta yi mini dariya. Ta ce kana gama haɗawa kake turowa, kwamfutarka kuma agogon garin da take zaune take bi. Ashe har rana tana riga faɗuwa a wurinka. Abin ya tsaya mini a rai.

Babanka na gaishe ka.

Mamanka,
Phoebe Andrawus

Tunga, Minna
21 ga Nuwamba

Ɗana Noah,

Ina gaishe ka da kewa. Yaya jiki, yaya abokan aiki? Allah ya sa kana lafiya.

Kwanan watan nan bai motsa ba tun Oktoba. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa sai na duba shi. In ya canza, na san ran nan ka zauna ka tuna da mu. Waya kam in ka kira, minti biyu ne ka ce ana jiranka.

Baitin da na ce ya ɓace a waƙa ta tara, yana nan, kada ka wahala. Ni na ƙirƙira don ka taɓa manhajar in ga sabon kwanan wata. Ka yi dariya in kana so, ni ban ji kunya ba.

Maganar da ta sa na rubuto ita ce idon Babanka. Likita ya ce ba irin wanda ake wankewa ba ne, sai dai a rage masa gudu. Da safe a bakin ƙofa yana gane fuska, in rana ta yi yamma sai murya. Jiya ya riƙe hotonka na gama makaranta ya kai shi har hanci, ya daɗe, sannan ya ajiye. Ya hana ni gaya maka, wai kada a tayar maka da hankali. Shekara uku ke nan rabonka da gida, Noah. Ina so ya ga fuskarka da idonsa tun yana iyawa.

Ubangiji ya tsare mini kai.

Mamanka,
Phoebe

Tunga, Minna
13 ga Disamba

Noah,

Sannu da hanya. E, da hanya na ce.

Ɗazu sabuwa ta shigo, 1.5, da saƙonka cewa aiki ya yi yawa, ba za ka samu zuwa gida ba, sai wataƙila Ista. Na zauna a kan turmi na yi kukana. Da na share ido na duba ƙasan shafi kamar kullum, sai na ga sha ɗaya da kwata. Na ɗaga kai, agogon bango sha ɗaya da minti ashirin. Ina awa biyun ta tafi?

Kai da Favour kun iya shiri, ita har da taya ni kuka. Amma kwamfutarka ba ta iya ƙarya ba, tana ƙasar nan. Ko Legas kake ko Abuja, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ban gaya wa Babanka ba, na bar maka wannan. Na aiki Favour kasuwa ta sayo acca da yakuwa, gwate zan yi. Abu ɗaya nake roƙo: in ka shigo Minna da yamma, ka kwana wurin kawunka Isaiah. Ka hau Keke Napep ka zo da safe. Zan sa masa kujera a bakin ƙofa, inda haske yake. In ka sauka kada ka yi magana, ka matso kusa, ka bar shi ya gane ka da kansa.

Mamanka mai jiranka,
Phoebe