Ledar Baba

Litinin, 4 Mayu 1998
Cikin Baba ya kumbura kamar ganga. Ba bayan gida, ko tusa babu. Inna ta sake dafa masa ganyen filasko na wankin ciki, wai basir ne. Ya amayar. Aman da wari irin na masai. Ban gaya wa kowa na lura ba.

Laraba, 6 Mayu
Mun kawo shi asibitin Gusau. Likita ya danna cikin, ya dube ni: "Me kuka ba shi?" Na faɗa. Wai ƙari ne ya toshe hanji, hanjin ya kumbura, filaskon yana ta tura ƙofa a rufe. Ciwon daji. Daji! A cikin mutumin da ke noma da hannunsa.

Alhamis, 7 Mayu
Za su yanka, su fito da hanji ta gefen ciki, kashi ya riƙa zuba a leda. Na ɗauka ban ji daidai ba.
Baba ya ƙi. "Ni Labbo, in tsaya gaban Ubangiji da najasa rataye? Ku maishe ni Kucheri."

Juma'a, 8 Mayu
Na ɗauko Kawu Sahabi daga Bungudu, shi ne mai karatu a dangi. Ya ce mai larura sallarsa ta yi. Baba ya ce, "Kai za ka tsaya kusa da ni a sahu?" Kawu ya ce, "Da can ma turare kake?" Baba ya yi dariya har ta koma nishi. Ya dangwala yatsa a takardar amincewa da aikin.

Asabar, 9 Mayu
An yi. Na ga bakin hanjin. Ja, kamar tsokar tumatir. Na fita na yi amai bayan ɗaki.

Juma'a, 29 Mayu
Gida. Ni ke canza ledar, ina riƙe numfashi. Shi kuma ya kalli bango. Ya hana a haɗa masa kwano da kowa, yana ci shi kaɗai a ƙuryar ɗaki. Gaskiya na ji sauƙi, Allah Ya yafe mini. Likita dai bai ce ya warke ba.

Lahadi, 14 Yuni
Ruwa ya sauka, mun yi shuka. Na dawo da yunwa, na canza masa, na wanke hannu, na zauna na sa hannu a kwanonsa. Sai da na kai loma ta uku na ga ya daina ci yana kallona.
Ya turo mini nama gefena.
Yunwa ce kawai.