Na Lulluɓe Ta da Bargo

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya, in ban da ƙafafun mahaifiyarki, da ba sa miƙewa da safe sai sun sha ruwan zafi.

Mutanen da kika turo sun kafa tukunyarsu ta dafa ruwa a ɗakin ajiya. Ban hana su ba, ban kuma yi musu sannu ba. Wai ba itace, ba gawayi, lantarki kaɗan kawai, zafin kuma daga iska take tsotso shi. Iska fa! Ni da nake dafa wa uwarki ruwa tun ba a haife ki ba.

Da suka tafi na ji tana huro sanyi ta ka. Tun zamanin kakanki, abin da ake so ya riƙe zafi rufe shi ake yi. Na lulluɓe ta da bargona, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Duk da haka ruwan ya fito salam-salam, ba wani zafi. Uwarki ta wuni a gado. Na je ɗaga tsohuwar tukunyata, baya ya ƙi.

Ki turo su kwashe kayansu.

Mahaifinki

'Yata,

Bayan gaisuwa, kada ki turo kowa.

Na je na duba irin tukunyar a wurin mutane. Tela mai zama a bene, tasa a baranda take, iska na dukanta. Mai gidan burodi ya ajiye tasa kusa da tanda, ƙofa a wangale, ruwansa sai an surka. Da na gaya masa dabarata ya yi dariya har da hawaye, ya ce shaƙe ta na yi, baiwar Allah.

Na dawo na yaye bargon, na buɗe ko'ina. Da safe famfo sai tururi.

'Yata, na fita tsakar gida na daɗe da hannu a sama. Na dunƙule, na buɗe, babu komai. Ashe duk shekarun da na yi ina faskare ina shan hayaƙi, zafin yana nan yana shafa fuskata, ban sani ba. Ikon Allah! Har yanzu in na wuce ɗakin sai na rage murya.

Yau uwarki da ƙafarta ta tako har ƙofar gida, ta tsaya a kaina tana mini faɗa kan taurin kai, maƙwabta na ji. Na gyara zama, na bar ta ta yi mai isarta.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki